Zaman iyali a Saudiyya: abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗaure kaya

A watan Agustan 2021, ana tsaka da yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa a Najeriya, ɗaruruwan likitoci suka yi cincirindo a wani otal da ke Abuja domin ganawa da wakilan da ke ɗebar wa Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ma'aikata. Hotunansu suka bazu a jaridu, aka kwana biyu ana cacar baki a kan albashi, nawa ake biya a nan, nawa za a biya a can. Kaɗan ne suka tambayi makomar matan waɗannan mutane da 'ya'yansu, alhali kafin mutum ya ƙware har a neme shi aiki a wata ƙasa, galibi ya riga ya ajiye iyali. Daga wancan lokaci zuwa yau ƙafa ba ta ɗauke ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da injiniyoyi na ta tafiya daga Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, wasu da iyalansu, wasu su kaɗai da alkawarin za su aiko a zo. Gidajen waɗannan mutane za mu leƙa, mu ga yadda ake kwana da yadda ake tashi, da abin da zaman yake ci wanda ba a rubuta shi a takardar kwantiragi.

Bahaushe yana ganin ya san Saudiyya, kuma yana da hujja. Kakanninmu sun taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu suka kwashe shekaru a hanya, da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu ne ake gani yau da sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi, cikakkun 'yan ƙasa, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. An daɗe ana wuni ana ciniki da Hausa a Shara Mansur ta Makka, haka ma a Karantina ta Jidda kafin rusau na 2022 ya watsa mazauna tsofaffin unguwannin birnin. Sai dai sanin da yawancinmu muka yi wa ƙasar sanin alhaji ne: wata guda tsakanin masauki da Harami da kasuwa, mota na jira, ga jami'in alhazai da za a kai wa kuka. Wanda ya je aiki wata Saudiyyar zai tarar. Ba lallai ma a ajiye shi a Makka ko Madina ba. Ana iya tura likita Jizan ko Najran a bakin iyakar Yemen, ko Ha'il, ko Arar can arewa kusa da Iraƙi, garin da nisansa zuwa Makka ya fi na Kano zuwa Legas. A irin waɗannan wurare mutum sai ya yi wata bai ji an ce masa sannu da aiki da Hausa ba.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, gidan baƙo gaba ɗaya a kan kati ɗaya yake tsaye, wato igama, shaidar izinin zama. Da ita ake buɗe asusun banki, a yanki layin waya, a kama haya, a sa yaro a makaranta, a ga likita. Ita kuma igamar a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki, wato kafili, ko ma'aikatar gwamnati ce, ko kamfani, ko mutum ɗaya. Matarka da 'ya'yanka suna ƙarƙashinka, kai ne kafilinsu. Ranar da aikin maigida ya tsinke, ranar izinin zaman kowa a gidan ya fara ƙarewa. Ƙidayar 2022 ta nuna ƙasar na da mutum miliyan 32.2, daga ciki miliyan 13.4 baƙi ne, kuma kusan dukkansu a kan wannan tsari suke zaune. Haihuwar yaro a can ba ta mai da shi ɗan ƙasa idan ubansa baƙo ne. Shekara talatin ta aiki ma ba ta mai da kowa. Tun 2019 akwai izinin zama na dindindin da ake saya, amma kuɗinsa riyal 800,000 ne, abin da ba na mai albashi ba.

An sassauta tsarin kafala a watan Maris na 2021. Yanzu ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba, yana kuma iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher. Sassaucin bai shafi masu aikatau da direbobin gida da makiyaya da manoma ba, kuma nan ne yawancin talakawanmu suke. Doka ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci, ko da ana yi. Sannan a kula da lissafin kwana: shekarar Hijira ta fi ta Miladiyya gajarta da kusan kwana 11, kuma akwai takardun da da ita ake lissafa wa'adinsu. Wanda ya yi sake igamarsa ta ƙare, tara ce za ta hau shi, asusun banki ma yana iya tsayawa.

Kai iyali ba haƙƙin kowane ma'aikaci ba ne. Sana'ar da aka rubuta a jikin igama ita ke yanke hukunci. Likita da injiniya da malami suna da dama, lebura da direban gida ba su da ita. Wanda yake da damar kuma zai gamu da wani abu da ba mu saba ba: takardar aure. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da alawa, gaban shaidu ɗari, ba shi da nauyi a ofishin shige da fice na Jawazat sai an fito da shi a rubuce. Za a nemi takardar daga kotu ko ƙaramar hukuma, a fassara ta zuwa Larabci, a buga mata hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan a ofishin jakadancin Saudiyya. Haka takardun haihuwar yara. A nan ne sakacinmu da rubutun suna yake kama mu. Uba Muhammad ne a fasfo, Mohammed a takardar aure, Mamman a takardar haihuwar ɗansa, kuma kowane saɓani sai ya ci makonni. Duk mai shirin tafiya ya gyara waɗannan tun yana gida, don gyaransu daga nesa wahala ce ninki biyu.

Sai maganar kuɗi. A watan Yulin 2017 gwamnati ta sa wa iyalan baƙi masu aiki a kamfanoni da asibitoci masu zaman kansu haraji, riyal 100 a wata a kan kowane mutum. Aka riƙa ƙara ɗari duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, kafin a yi maganar haya ko abinci ko makaranta, kuma ba a sabunta igama sai an biya. Wannan haraji kaɗai ya sa ɗimbin Indiyawa da Misrawa da Pakistanawa suka mai da iyalansu gida. Ga al'umma irin tamu da take alfahari da yawan 'ya'ya, lissafi ne da ba a tsallake shi. Harajin kayan masarufi ma ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a 2020. Haya yawanci ta shekara ce ko ta wata shida, ana rajistar ta a manhajar Ejar, kuma sau da yawa gidan fanko ake miƙa shi, babu na'urar sanyaya ɗaki, wani ma babu durowar kicin. A garin da zafi ke haura digiri 45 na'urar sanyi ba kayan ƙawa ba ce. Saboda haka abin dubawa a kwantiragi ya wuce adadin albashi. Akwai gida ko kuɗin gida? Akwai tikitin hutu, na mutum nawa? Inshorar lafiya ta haɗa da mata da yara, ta haɗa da haihuwa? Akwai tallafin kuɗin makaranta? Babban kuskuren da ake yi shi ne a juya albashin zuwa naira a ga miliyoyi, a manta cewa da riyal za a yi cefane.

Ba na so a ɗauka zaman duk ƙunci ne. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo na zuba, mutum zai taso daga aiki ƙarfe biyun dare ba ya waiwaye. Albashi na shiga a kan kari, kuma riyal bai motsa daga 3.75 a dala ba tun 1986. Wanda ke zaune a Jidda ko Ɗa'if sai ya yi umra da iyalinsa ranar Juma'a ya dawo ya kwana a gida, abin da wani ke tara wa kuɗi shekara goma. Mazauni yana da damar aikin hajji da izini sau ɗaya a shekara biyar. Ba kuma wanda zai kalli matarka don ta sa hijabi, ba kuma sai ka binciki naman da ka saya ba. Waɗannan ni'imomi ne na gaske, su ne kuma ke sa mutane su daure wa sauran.

Sauran kuwa, a kan matar gida ya fi sauka, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Makon aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Yara sun fita da sassafe, maigida ya tafi asibiti ko jami'a, in likita ne ma wataƙila da kwanan aiki. Ita kuma an bar ta a hawa na uku, a gidan da ba shi da tsakar gida, tagogi a rufe saboda zafi da ƙura. Matar da ta tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, maƙwabciya na shigowa aron turmi, ƙanwar miji na ɗaukar mata goyo, ga yaron da za a aika ya sayo magi, yau ta wayi gari a benen da za ta shekara ba ta san sunan ta kusa da ita ba. Mutanen ƙasar suna da karamci, amma zumuncinsu a cikin danginsu yake, kuma ba a faɗa wa mutum gida babu sanarwa. Rana ta mutuwa ce, gari ba ya tashi sai bayan la'asar, kasuwa kuma sai dare. Shara da wanki da girki da raino duk a kanta, domin ɗaukar 'yar aiki ta halal sai da biza da kuɗi masu yawa, ɗaukar marar takarda kuma laifi ne da ke jawo tara da kora.

In tana da digiri ko sana'a, abin ya fi ciwo. Igamar da take kai ta mai bin miji ce, ba ta ba ta izinin aiki ba. Sai dai a samo mata izini na musamman, wanda aka fi bayarwa a koyarwa da aikin lafiya, ko ta koma ƙarƙashin nata kafilin. Malamar da ta bar ajinta a Katsina, ko 'yar kasuwar da ta bar kwastomominta a Kantin Kwari, sai ta koma mai jiran ƙarar makulli a ƙofa. Daga nan damuwa ke shiga. Barci ya ƙaurace, fushi ya yawaita, ta riƙa kuka ba ta san dalili ba. In ta kira gida ta yi ƙorafi, amsar da za ta ji ita ce, ke da kike ƙasa mai tsarki, me kika rasa? Sai ta yi shiru, shirun kuma ya fi cin rai. A ganina duk namijin da ya raba mace da danginta ya kai ta wata ƙasa ya ɗauki nauyin da ya wuce ci da sha. Shi ne yanzu yayarta, shi ne maƙwabciyarta, shi ne abokin hirarta. In ya dawo ya miƙe a kujera da waya a hannu kamar yadda ya saba a majalisa, ya zalunce ta ko bai yi nufi ba.

Akwai mafita, kuma gidajen da suka zauna lafiya su suka bi. Tun watan Yunin 2018 mata na tuƙi a Saudiyya, kuma macen da ta samu lasisi ta samu rabin 'yancinta, ta kai yara makaranta, ta je asibiti, ta ziyarci 'yar'uwa. Makarantun haddar Alƙur'ani na mata suna nan a unguwanni da yawa, kuɗinsu kaɗan ne, kuma nan ake koyon Larabcin yau da kullum a kuma yi ƙawaye. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar a manyan garuruwa suna da zaurukan WhatsApp, ranar sallah a haɗa kuɗi a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya a bayan gari, a yi waina da miyan taushe, yara su yi guje-guje. Wani alherin kuma da ba a zata ba, maza da yawa a can suka fara sanin farashin tumatir, suka koyi yi wa jariri wanka, suka zauna cin abinci da matansu a kwano ɗaya. Auren da ya jure shekarun farko yakan fito da shaƙuwar da ba kasafai ake samun ta a gidan yawa ba.

Haihuwa ita ce ranar da aka fi jin rashin gida. Asibiti mai kyau ne, amma babu mai dafa ruwan wankan jego, babu mai dama kunun kanwa. Masu hali sukan nemo wa uwa ko gwaggo bizar ziyarar iyali ta zo ta zauna, sai dai a sani cewa mai wannan biza ba shi da izinin shiga Makka a lokacin aikin hajji. Suna kuma na mutum goma ne a falo, ragon ma sau da yawa kuɗinsa ake turawa gida a yanka a can. Kafin jego ya ƙare uba na kan hanyar takardu: sanarwar haihuwa daga asibiti, takardar haihuwa daga ofishin rajistar jama'a na Ahwal, fasfo daga ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, sannan igamar jariri. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne matuƙar ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, amma haƙƙin ba ya aiki sai an fitar da takarda. Jinkiri a nan ya jefa yara da yawa cikin halin da ba su da shaidar ko'ina.

Yara su ne suka fi saurin sabawa, kuma su ne abin damuwa mafi tsawo. Makarantar gwamnati da Larabci take koyarwa, gurbin ɗan baƙo kuma ba tabbas. Mafi yawan iyaye sukan kai 'ya'yansu makarantun kuɗi masu bin manhajar Ingila ko Amurka ko Indiya, kuma kuɗinsu kan zama kashi mafi tsoka a albashi bayan haya. Cikin shekara biyu yaro zai riƙa Turanci a aji, Larabci a filin ƙwallo, Hausa kuma sai in an kira shi cin abinci. A hankali sai ya koma yana ji ba ya mayarwa. Ranar da kakarsa ta kira ta bidiyo ta ce ina angona, ya tsaya yana kallon uwarsa ta fassara masa, ranar iyaye ke gane abin da ya salwanta. Harshe ba ya tafiya shi kaɗai. Yana tafiya da gaisuwa, da durƙuso, da sanin wane ne kawu wane ne baffa, da wasan kaka da jika, da kunyar da ake yi wa suruki. Maganinsa ba shi da tsada, sai dai naci: a yi Hausa a gida ba sassauci, a yi tatsuniya, a kai su gida duk hutun da aka samu hali, kuma in an je kada a ɓoye su a unguwar masu kuɗi, a bar su su kwana a gidan kaka su sha fura su yi faɗa da 'yan'uwa su shirya.

Akwai kuma abin da yaro ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Baƙar fata a makaranta ko a titi kan ji kalmar da za ta sosa masa rai. Iyaye su buɗe masa ƙofar magana, su kuma gaya masa asalinsa da alfahari tun kafin wani ya gaya masa da reni.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Uba ya san haka, amma yaron da aka haifa a Riyad ya yi wayo a can bai san shi baƙo ba ne sai ranar da ya gama sakandare. Jami'o'in gwamnati ba sa ɗaukar baƙi sai 'yan kaɗan ta hanyar tallafin karatu, masu zaman kansu kuma tsada. Ɗa namiji ba zai dawwama a igamar ubansa ba, in ya girma ya gama karatu dole ya samu nasa kafilin ko ya fita. Don haka yawancin yaran nan a Bayero ko Ahmadu Bello ko wata ƙasa ta uku za su yi jami'a. Shirinta daga ajin farko na babbar sakandare ake fara shi: wace jarrabawa jami'ar gida za ta karɓa, ina lambar NIN, ina takardar shaidar ƙaramar hukuma. Hukumar JAMB takan shirya jarrabawarta a wasu biranen waje, har da Jidda. Amma abin da ya fi takarda wuya shi ne yaron da bai taɓa ganin an ɗauke wuta ba ya tsinci kansa a ɗakin kwanan ɗalibai yana bin layin ruwa da bokiti.

Ta fuskar abinci ba a shan wahala sosai. Yara za su so kabsa da tamis da ful da kazar Albaik, tsire ma ya daɗe da zama abincin mutanen Makka da Jidda. Abin da ake kewa shi ne kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin gida, shi ya sa duk mai tahowa sai an ɗora masa saƙo. A nan a yi hattara ƙwarai. Hukumar alhazai ta sha gargaɗin kada a ɗauki goro, kuma magunguna irin su tramadol suna cikin abin da hukuncin safararsu ke kaiwa ga kisa. Mutane ba su manta da ɗalibar nan ta Kano ba da aka tsare a Madina a ƙarshen 2018 saboda jakar da wasu suka maƙala wa sunanta a filin jirgi, wadda sai bayan watanni aka gane ba ta da laifi. Kada ka karɓi ƙullin da ba ka kwance da hannunka ba, ko na wane ne.

Gida kuma ba ya sakin wanda ya tafi. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara, kuma a bayan wannan adadi akwai kuɗin asibitin tsoho, da kayan ɗakin ƙanwa, da rajistar ɗan yaya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta faɗi daga kusan 460 a dala zuwa sama da 1,500 a 2024, dangi na ganin ɗan'uwansu na can ya zama attajiri dare ɗaya. Taimakon iyaye wajibi ne, ba a jayayya a kansa. Amma gidan da bai zauna miji da mata suka yanke abin da za a riƙa turawa duk wata ba, zai shekara goma yana aiki ya dawo da akwati kawai. Labarin wanda ya riƙa tura kuɗin gini ana turo masa hoton gidan wani ba sabo ba ne a cikinmu. A tura ta banki ko kamfanin da ke da lasisi, a sayi fili da sunan mai kuɗin, a sa wanda ba ɗan'uwa ba ya riƙa duba aikin. Mazauna Makka da Madina da Jidda suna da ƙarin nauyi, domin daga Rajab zuwa bayan hajji falonsu ba ya rabuwa da baƙi, har da waɗanda ba a taɓa gani ba sai dai an ce ɗan wane ne.

Mafi zafi shi ne rasuwa. Tsakanin Jidda da Kano tafiyar kimanin awa biyar ce a jirgi, amma mu ba ma kwana da gawa. Kafin a nemi hutu, a fitar da bizar fita da dawowa, a sami tikiti, an riga an dawo daga maƙabarta. Da yawa daga mazauna waje ta waya suka ji an sallaci iyayensu. Wanda yake da tsofaffi ya sa wannan a ma'auni tun kafin ya tafi, ya kuma riƙa zuwa ganin su suna da rai, kada ya tara hutunsa don ta'aziyya.

Wasu sukan ga duk wannan su zaɓi barin iyali a gida. Ya fi araha, yara na tashi cikin dangi, harshe bai ɓata ba. Kuɗinsa a wani wuri ake biya. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwana 21 a shekara, ya koma 30 bayan shekara biyar, ke nan mace za ta yi wata goma sha ɗaya tana riƙe da gida ita kaɗai, yara kuma su san ubansu a fuskar waya. Mai mata biyu yana da tambayar da sai ya amsa ta a gaban Allah: wa za a ɗauka, wa za a bari, kuma yaya za a rama wa wadda aka bari?

Dokokin ƙasar ba sa karɓar uzurin ban sani ba. Baƙo ya buɗe kasuwanci da sunan ɗan ƙasa laifi ne da ake kira tasattur, hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Tara gudummawa ba izini laifi ne, ko ta masallaci ce. Ɗaukar hoton mutane a watsa ba yardarsu laifi ne, haka sakin baki a kan hukuma a Facebook ko TikTok. Wanda ya bar kafilinsa ba bisa ƙa'ida ba, aka shigar da shi a matsayin wanda ya gudu, ya koma sahun 'yan takari marasa takardar zama, ƙarshensa gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, da jirgin kora. A gaya wa yara matasa waɗannan tun da wuri, domin wayar da ke hannunsu na iya tayar da gidan gaba ɗaya.

Zaman kuma yana da ranar ƙarewa, kuma ba kullum mai zaman ke zaɓar ta ba. Tun shirin Nitaƙat na 2011, da kuma manufar 2030 da aka ƙaddamar a 2016, gwamnati na ta mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, har a harhaɗa magunguna da aikin haƙori da injiniyanci da akanta. Kwantiragin da aka sabunta sau goma ana iya ƙin sabunta shi a na goma sha ɗaya. In aka buga bizar fita ta ƙarshe, kwana 60 ne a sayar da mota, a biya tarar hanya, a rufe haya, a karɓo takardun makarantar yara. Baƙo ba shi da fansho. Abin da doka ta ba shi shi ne kuɗin sallama, albashin rabin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, da na wata guda a kan kowace shekara bayan nan, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara goma ba ya samun su duka. Wannan kuɗi ba zai riƙe tsufa ba.

In kuwa maigida ne ya rasu a can, asusunsa na banki rufewa yake har sai an kawo takardun gado, igamar iyali kuma ta rasa madogara, ga mace da marayu a ƙasar da ba ta da kowa. Saboda haka, maigida, tun yau ka nuna wa matarka inda fasfo da igama da kwantiragi suke, ka buɗe mata asusu da sunanta, ka koya mata shiga Absher, ka rubuta mata bashin da kake bi da wanda ake bin ka, ka kuma haɗa ta da mutum biyu amintattu a garin da za ta iya kira ko da tsakar dare. Wanda kuma bai tafi ba tukuna, kada ya sa hannu a kwantiragi sai ya zaunar da ita sun karanta shi tare.